Roka tana zafi a hawa, da safe kuma sai an yi mata famfo

Mai Roka Dawanau: Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu manyan motoci. Shawara nake nema kafin in kashe kuɗi. Ina da Roka, wato Marsandi 911, tsohuwar nan mai gajeren hanci, injinta OM352. Hatsi take kaiwa kudu ta Jos, ta ɗauko manja ko katako ta dawo. A shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau take, amma in ta kama Hawan Kibo da lodi sai allurar zafi ta shiga ja, ruwa ya fara tafasa. An cire mata tamostat, bawul ɗin nan da ke tsare ruwa a cikin inji har ya ɗumama, abin bai canja ba. Ga kuma wata: in ta kwana ba ta tashi sai yaro ya yi ta buga famfon hannu na jawo mai. Yanzu makanike ya ce a sauke top silinda, wato kan inji, a canja gaskit ɗin da ke ƙarƙashinsa. In bari a buɗe?

Direban Daf: Wa alaikumus salam. Alhaji, cire tamostat dai daidai ne, don ƙasashen sanyi aka yi shi. Mu nan da rana ke ƙona kwalta me za mu yi da shi? In an cire tana zafi har yanzu, to gaskit ne. A buɗe kawai.

Baba Makanike Kaduna: Alhaji kada ka bari a taɓa kan injin nan tukuna. Gaskit yana da shaidunsa, kuma ba ka ambaci ko ɗaya ba. Gobe da sassafe, inji da sanyinsa, ka buɗe murfin lagireto, ka cika ruwa har wuya, a tayar da ita, ka tsaya kana kallo. In gaskit ya ƙone za ka ga kumfa tana tasowa a jere ba yankewa, wani lokaci ma ruwan ya yi tsalle ya fito. Ka mayar da murfi, ka matsa tiyon sama: in ya yi tauri cikin minti biyu alhali inji bai ɗumama ba, iskar silinda ce ke shiga ruwa. Sai ka zaro sandar bakin mai, ka leƙa ƙasan murfin da ake zuba shi, ko ya koma fari-fari. Sannan ka tambayi direba, tana shan ruwa a hanya ba tare da an ga inda yake zuba ba? In duk babu, gaskit ɗinka lafiyarsa ƙalau, za a sauke maka kan inji ne a banza a mayar, zafin yana nan.

Mai Roka Dawanau: Baba, na kira direban. Ya ce ba ta shan ruwa sai in ta tafasa ta zubar. Bakin mai kuma baƙi ne yadda aka saba. Kumfar zan duba da safe in sha Allah.

Baba Makanike Kaduna: Madalla. Yanzu maganar tamostat, ɗana Direban Daf, ka saurare ni da kyau, don wannan al'adar ta cinye injina da yawa. Tamostat ba ƙofa ɗaya yake tsarewa ba. A injina da dama akwai wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi daga kan inji ya koma famfon ruwa kai tsaye, ba tare da ya shiga lagireto ba, don inji ya yi saurin ɗumama. In ka ɗauki tamostat ka ga wani ɗan faifai a gindinsa, aikin faifan nan shi ne toshe gajeriyar hanyar idan inji ya yi zafi, ya tilasta wa ruwan duka ya bi ta lagireto. Ka cire shi, ka bar hanyoyi biyu a buɗe. Ruwa kuwa inda ya fi sauƙi yake bi. Sai wani kaso ya yi ta zagaye cikin inji bai taɓa ganin iska ba. A fili ba za ka gane ba, sai an zo hawa. Shi ya sa motar da aka cire wa tamostat take yin sanyi fiye da kima da asuba, ta kuma tafasa a tudu. Sanyin ma ba alheri ba ne: injin gas da bai kai zafinsa ba ba ya ƙona mai sosai, ɗanyen man yana wanke jikin silinda ya gangara cikin bakin mai, ringi ya ci da wuri.

Direban Daf: Baba ranka ya daɗe, ba musu nake ba, amma motocin da na tuƙa ba tamostat suna da yawa, kuma sun yi shekaru a hanya.

Baba Makanike Kaduna: Sun yi, don lagiretonsu na da sauran ƙarfi. Ka tambayi masu su sau nawa aka yi musu ringi. In tamostat ya maƙale a rufe, lallai zai dafa inji, a kan hanya kuma cirewa ce mafita don a isa gida. Amma in an iso a sayi wani. Gwajinsa ba wuya: a saka shi a tukunyar ruwa a ɗora kan wuta da ma'aunin zafi a ciki. Akwai lamba a jikinsa, wani 71, wani 79, wani 83. A daidai nan zai fara buɗewa, kafin ruwan ya tafasa ya gama buɗewa gaba ɗaya. Wanda bai yi haka ba a jefar.

Mai Wankin Lagireto: Alhaji ni a nawa fannin zan yi magana. Motar da take lafiya a fili tana zafi a hawa, mafi yawa lagireto ne ya rage aiki. Yana iya ɗaukar zafin tafiyar yau da kullum, amma in inji ya ba da ƙarfinsa duka sai ya gaza. Toshewa iri biyu ce. Ta waje: ƙurar hunturu, ƙaiƙayin hatsi, audugar rimi, ƙwari, in kuma akwai ɗigon mai sai su dunƙule su zama laka tsakanin fukafukan. Mota mai lodi a Dawanau ba ta rabuwa da wannan. Da dare ka sa a haska tocila ta bayan lagireto ka tsaya ta gaba, inda haske bai fito ba iska ma ba ta wucewa. A wanke daga ɓangaren inji zuwa waje, kuma kada a matso da bakin injin wanki mai ƙarfi, yana kwantar da fukafukan.

Ta ciki ta fi muni. In mota ta yi zafi, a kashe ta, fanka ta tsaya cak, sai ka shafa tafin hannu a fuskar lagireto a hankali. Ya kamata zafi ya riƙa raguwa daga sama zuwa ƙasa bai ɗaya. In ka ji wani layi da zafi, na kusa da shi da sanyi, waɗannan bututun sun toshe. Wane ruwa ake zuba mata?

Mai Roka Dawanau: Duk wanda aka samu a hanya. Na rijiya, na burtsatse, wani lokacin na rafi.

Mai Wankin Lagireto: To ga shi nan. Ka leƙa cikin butar mai shayi ka ga farin ɓawon da ya kama gindinta, shi ne abin da ke cikin lagiretonka da cikin injin kansa. Ruwan ƙasa yana ɗauke da gishiri da farar ƙasa, duk tafasa ɗaya sai ya bar nasa a jikin ƙarfe, a ƙara wani ruwan ya sake barin nasa. Ga tsatsa a kai. In na kwance tankin sama na irin waɗannan motocin, sai ka ga bakin bututu ya cushe da jan abu kamar an liƙe shi, sai da siririn ƙarfe ake zura wa kowane ɗaya. Kuma don Allah a daina zuba ɗanyen ƙwai ko garin taba ko barkono don tsayar da yoyo. Yana toshe hujin, yana toshe bututun da ke kusa da shi.

Ɗan Potiskum: Ku duba murfi! Kowa yana raina shi. Na sha ganin tirela an ɗaure bakin lagiretonta da leda da roba.

Injiniya Zariya: Maganar Ɗan Potiskum tana da tushe, bari in saka lissafi. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100 ne a gaɓar teku. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, a can ruwa yana tafasa a kusan digiri 96. Murfi mai kyau yana riƙe matsi a ciki: mai rabin bar (bar ma'aunin matsi ne) yana kai tafasar wajen digiri 111, mai bar ɗaya wajen 120. Wato motar da murfinta ya mutu tana hawa dutsen, zafin inji yana ƙaruwa, ma'aunin tafasar ruwanta yana raguwa. Da zarar ya fara tafasa famfo ya koma juya tururi, shi ke nan. A duba robar murfin ko ta tsage, da sifirin ko ya saki. A sayi mai lambar da aka rubuta wa motar, kada a ɗora mai matsi sosai a kan tsohon lagireto, zai fasa shi.

Game da ruwan sanyaya inji mai launi, mutane suna cewa na ƙasar ƙanƙara ne. Mu abin da muke nema a cikinsa maganin tsatsa ne. Gaskiya ruwa zalla ya fi shi kwasar zafi, shi ya sa ba a zuba shi tsantsa, ana haɗawa da ruwa mai tsabta yadda aka rubuta a jikin galan, yawanci rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku. Ruwan sama da aka tace ko ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ya fi na burtsatse nesa. Irin na da mai kore ana canja shi duk bayan kamar shekara biyu. Masu Cummins da MAN su fi kowa kula, don hannun silindarsu ruwa yana taɓa shi kai tsaye, in babu maganin sai ya yi ta cin ƙananan ramuka har ya huje ruwa ya shiga bakin mai. Kuma guba ne mai zaƙi, kada a bar shi a kwano inda yara ko awaki za su kai.

Hajiya Mai Tifa: Ina bin ku a hankali. Ni tifa biyu nake da su na yashi. Wannan ruwan mai launi da tsada, ga direbobi kullum suna cewa ya zube. Anya talaka zai iya?

Mai Wankin Lagireto: Hajiya, in yana zubewa akwai yoyo, shi za a fara gyarawa. Motar da tiyonta da murfinta suke lafiya tana iya wata ba a ƙara mata ko kofi ba. Ki sa a duba ƙasan famfon ruwa, akwai ɗan rami a wurin, in yana ɗiga ko ya yi zanen tsatsa famfon ya kusa. Ki kwatanta kuɗin galan da kuɗin gyaran inji ɗaya.

Direban Daf: Abin da ba ku faɗa ba shi ne tuƙi. Wasu direbobin suna jin kunyar sauko da giya, sai su bar mota a babbar giya suna danne totur har ƙasa, inji yana nishi. Fanka da famfon ruwa da inji suke juyawa, in juyinsa ya yi ƙasa su ma sun yi ƙasa, ga wuta ta yi yawa a ciki. Tun daga gindin hawa ake zaɓar giyar da za ta kai ka sama. Sannan Alhaji, tsakani da Allah, tan nawa ake ɗora mata? Roka ba tirela ba ce. A kuma taɓa gangunan birki bayan tafiya, in ɗaya ya fi sauran zafi yana riƙewa, inji yana jan abin da ba lodi ba.

Baba Makanike Kaduna: Nan kam ka faɗi gaskiya ɗana. In ƙara da fambel: a danna tsakiyarsa da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, in gefensa ya yi sheƙi ya gama aiki. Kwanon nan da ya zagaye fanka, in an cire an jefar a mayar da shi, in babu shi fanka iskar gefe take ja. Tiyon ƙasa kuma a ba ta wuta a kalle shi, in ya tsufa yana shanyewa ya hana ruwa wucewa.

Yaron Mota: Oga-oga, don Allah in ta tafasa a kan hawa me ya kamata mu yi? Mu dai ruwa muke kwarara mata.

Baba Makanike Kaduna: Yaro, ka riƙe wannan don lafiyarka. Kada ka buɗe murfi tana tafasa, ruwan zai taso maka a fuska, na ga waɗanda ya saɓule wa fata. A samu wuri a tsaya, a sa waigi a taya. In fambel bai tsinke ba kuma ruwa bai ƙare ba, a bar ta tana aiki a silo, fanka za ta sauko da zafin. In tiyo ya fashe ko bel ya tsinke, a kashe nan take. Sai tiyon sama ya yi laushi hannu yana iya riƙe shi, ka ɗora tsumma mai kauri, ka murɗa murfi rabi iska ta fita, sannan ka buɗe. Ruwa kuma kaɗan-kaɗan ake zubawa inji yana aiki. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi shi ke tsaga kan silinda.

Mai Gyaran Injekta: Kun yi ta maganar ruwa, kun bar ɗaya matsalar, kuma ina zargin suna da alaƙa. Alhaji, motar da sai an yi famfo da safe, iska take sha, man yana komawa tanki cikin dare. Wahalar ita ce daga tanki zuwa ƙaramin famfon da ke jawo mai tsotsa ake yi, don haka huji a wurin ba ya zubar da mai balle ka gani, iska kawai yake shigarwa. Wuraren da na fi kamawa: zoben jan ƙarfe (washa) na ƙusoshin bututu da aka yi ta maimaitawa, robar ɗan kofin gilashin nan da ke jikin ƙaramin famfo, shi kansa famfon hannun in ya tsufa, da bawul ɗin da ke mayar da rarar mai tanki. Gwaji mai sauƙi: a sa guntun tiyo mai haske kafin filta, a ga ko kumfa tana bi. Ko a ba ta mai daga jarka mai tsabta kai tsaye ta kwana a haka. In ta tashi bugu ɗaya, matsalar tana tsakanin tanki da wurin. Wane irin hayaƙi take yi a hawa?

Mai Roka Dawanau: Baƙi ƙirin, har na baya ba ya ganin hanya. Kwanaki direba ya ce ba ta da ƙarfi, aka ƙara mata mai a injekta, famfon da ke tura mai zuwa nozul.

Mai Gyaran Injekta: To ka ga inda zafin yake ƙaruwa. Baƙin hayaƙi mai ne da bai samu iskar ƙona shi ba. OM352 mai silinda shida ne, lita 5.7, wanda ba turbo dokinsa wajen 130 ne, iskar da zai iya shaƙa tana da iyaka. In an karya hatimi an buɗe mai, ƙarfin da ake samu kaɗan ne, sauran ya zama zafi da hayaƙi, har ya kai ga narkar da fistin. Rashin ƙarfin da aka ji tun farko wataƙila filta ce ta toshe ko iskar nan da take sha. A fara da filtar iska, in mai bakin mai ce a ƙasa a wanke a zuba sabo daidai layi. A cire nozul shida a kai kan na'urar gwaji. Na wannan injin suna buɗewa a kusan bar 200, su fesa kamar hazo da ƙara mai kaifi, su yanke tsaf. Wanda yake tsiyaya ko ɗiga bayan ya fesa shi ke ƙona kan fistin. Kada kowa ya sa hannu a gaban feshin, yana huda fata ya shiga jini. A kuma duba saitin injekta, in ya yi latti mai yana ƙonewa a makare, zafin ya tafi cikin ruwa da salansa maimakon ya tura fistin.

Ɗan Maraɗi: Gaskiya ne malam. Mu nan babbar damuwarmu gazuwal, wato gas, na jarka. Ni kafin a zuba sai na ɗiba a kwalba mai haske na ajiye ta ɗan lokaci. Ruwa ya fi shi nauyi, yana kwantawa a ƙasa, ka gan shi da layinsa. In kuma ya tsinke fiye da kima yana warin kananzir, ba na saye.

Mai Gyaran Injekta: Haka ake yi. Kananzir ba shi da santsin gas, su kuwa ƙarafan cikin injekta da nozul da man kansa suke samun santsi. Ruwa kuma tsatsa yake sa musu, kuma a inda ruwa da gas suka haɗu a gindin tanki ne baƙin yauƙin nan yake tsirowa ya toshe filta. Akwai ƙusa a ƙasan tanki, a riƙa sassauta ta da safe kafin mota ta motsa a zubar da abin da ya kwanta. A cika tanki da yamma ya fi, don tankin da babu komai yana yin raɓa a ciki. In an buɗe murfin tanki aka ji ya ja iska, hujin numfashinsa ya toshe, wannan ma yana kashe mota a hanya.

Mai Roka Dawanau: Jama'a ga bayani, Allah ya saka da alheri. Babu kumfa ko ɗaya, ba a taɓa kan inji ba. An kwance lagireto, bututu da yawa a toshe, murfin kuma robarsa ta ƙone. Nozul biyu suna ɗiga an canja, an mayar da injekta ma'auninsa a kan na'ura. Famfon hannu ne ke shan iska, da aka sa sabo ta kwana ta tashi bugu ɗaya. An mayar da tamostat mai faifai. Direba ya hau da lodi, ya ce allura ta tsaya a tsakiya.

Direban Daf: Alhamdu lillah. Amma abubuwa da yawa aka gyara a tare, ni har yanzu ina ganin wankin lagireton ne ya yi aikin.

Baba Makanike Kaduna: Shi ne babba, ban musa ba. Ka dai mayar da naka ka lura da shan mai da kalar bakin mai wata biyu, sai mu sake magana.

Hajiya Mai Tifa: Tambaya ta ƙarshe. In an canja filtar gas, yarana suna shan wahala kafin mota ta tashi, har batir ya mutu. Wasu suna cewa a cika filtar da mai kafin a ɗaura, wasu suna fesa fetur a hancin inji.

Mai Gyaran Injekta: Hajiya ki hana su fetur ɗin nan, yana fashewa kafin lokaci ya karya ringi, yana iya kama wuta a hannun mai fesawa. Cika filta daga jarka ma ban so, don dattin da ke ciki ya riga ya tsallake filtar, kai tsaye zai tafi injekta. A ɗaura ta da sabuwar roba, a sassauta ƙusar da ke saman gidan filta, a buga famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure. A koma kan ƙusar jikin injekta a yi haka. In ta ƙi, a sassauta bututun nozul biyu ko uku, a buga kii har su tofar da mai, a ɗaure. Kowane bugu kada ya wuce daƙiƙa 15, a bar kik ya huta minti ɗaya ko biyu. In an gama a murɗa kan famfon hannun a kulle shi, don in an bar shi a sake daga nan iska za ta sake shiga.